Kafin Ka Sa Yayanka a Talabijin

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jin ƙai.

Daga mahaifinka, Malam Isyaku mai majigi, Unguwar Gangare, Wudil, zuwa ga ɗana Habibu a Kaduna.

Sallama da gaisuwa mai tarin yawa. Ina fata ka sauka lafiya, ka sami masauki, ka huce gajiyar hanya. Allah Ya tsare ka a inda idona ba ya kaiwa, Ya haɗa ka da mutanen kirki, Ya raba ka da sharrin baƙunta. Innarku tana gaishe ka, ta ce in tambaye ka ko kana cin abinci a kan kari. Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah.

Ba labarin gida zan ba ka ba, wannan za ka ji a bakin masu zuwa. Magana ce ta tsaya mini a wuya tun ranar da ka tara mu a zaure bayan la'asar, ni da abokanka, ka karanta mana wasan kwaikwayon da ka rubuta, wanda kake fatan gidan talabijin ɗin da ya ɗauke ka aiki zai mayar da shi fim. Na saurara har ƙarshe. Abokanka suka yi ta jinjina maka, ni kuwa na ce Allah Ya sa albarka, na tashi. Na ga ka bi ni da ido. Ba raini ba ne, Habibu. Wasan ya yi kyau, kyan nasa ma shi ya ba ni tsoro. Ka sa wa yaron cikin wasan suna Ɗanliti, amma ko akuyar unguwar nan ta ji, ta san yayanka ne. Gangaren kogin namu ne, ƙarƙashin gadar tamu ce, shebur ɗin ma nasa ne.

Ni na riga ka sanin ƙarfin hoto mai motsi. A bayan motar majigi na ƙarar da ƙuruciyata, muna zaga ƙauyuka, a kafa farin ƙyalle a fili, ni ina riƙe da lasifika ina yi wa jama'a bayanin abin da suke gani. Wata shekara aka turo masu ɗaukar hoto su yi fim a kan tsabta. Suka je Darki, suka sami wani manomi wanda matarsa ta rasu, gidansa ya koma kamar kufai. Suka roƙe shi, ya yarda, don bai san abin da ake nufi ba. Da fim ya fito muka kai shi Darki ɗin, aka nuna gidan bawan Allah nan a matsayin irin gidan da ba a so. Na ji jama'a sun fara dariya, sai na ƙara gishiri, na ce, "Ga gidan Malam Ƙazami, kaji ma sun yi ƙaura." Fili ya ɗauki sowa. Na koma gida ina ganin na iya aiki. Sunan nan ya bi mutumin har kabari, 'ya'yansa ma har yau da shi ake kwatance da su. Mu mun naɗe ƙyallenmu mun wuce gari na gaba, shi kuwa a garin da aka yi masa dariya ya wayi gari. To, ka riƙe wannan a aikinka: mai nuna hoto tafiya yake yi, wanda aka nuna shi ne mazauni.

Yanzu bari in ba ka labarin yayanka yadda ya faru, don kai kana makarantar kwana a lokacin, hutu kawai kake gani, hutu kuwa ba ya nuna komai sai wutsiyar magana. Ka san ɗan fari ne, bakina bai saba da sunansa ba. Yau dai zan rubuta shi: Mamuda.

Yaro ne mai surutu tun yana ƙarami. In na dawo daga zagaye sai ya ɗauki ludayin Innarku ya kara a baki, yana kwaikwayon yadda nake bayani, har maƙwabta su leƙo. Yana aji huɗu sanƙarau ya shigo garin nan da zafin bazara. Ya kwanta, wuya ya sandare, muka fid da rai. Yaran lungunmu da suka kwanta tare da shi ba duka suka tashi ba. Shi Allah Ya tashe shi. Muka yi sadaka, muka yi murna, muka ce an gama.

Daga nan sai hali ya sake. A kira shi, ya yi kamar ba da shi ake ba. A aike shi sayen gishiri, ya dawo da kanwa. Malaminsu ya aiko mini cewa yaron ya zama mai kunnen ƙashi, ya mayar da shi bencin baya. Jarrabawar da kai ka ci ka tafi makarantar kwana, shi ya faɗi, alhali shi ne babba. Ranar da za ka tafi shi ya ɗaukar maka akwati zuwa tasha, ya dawo ya shige ɗaki, bai ci tuwo ba. Na ce baƙin ciki yake yi da ƙaninsa, na ƙara jin haushinsa.

Na kai shi wajen wani tela a bakin kasuwa ya koyi ɗinki. Ba a daɗe ba telan ya riƙo hannunsa ya dawo mini da shi, da rigar wani alhaji a ɗaya hannun. Ya ce, "Malam, ina kan keke na ce masa ya rage hannu, ya je ya yanke wuya. Da na yi magana sai ya zuba mini ido kamar gunki." Na doke shi a ranar. Ban tambaye shi komai ba.

Ka san yadda nake magana da shi a wancan zamani. Ni da nake cika fili da murya, in na shigo gida zan yi masa magana sai in kau da kai, in yi ƙasa da murya, don kunyar ɗan fari. Wani lokaci daga zaure nake jefa maganar yana tsakar gida. Wani lokaci in faɗa wa Innarku, ita ma kunyar ta hana ta, ta faɗa wa bango. Haka muka ga iyayenmu sun yi, ba kuma na zargin kunya, ado ce. Amma adon da ya hana ka duban fuskar ɗanka lokacin da yake nutsewa, ka ajiye shi tukuna. In Allah Ya ba ka naka, ka tuna.

Sai kuɗin man fetur suka fara zuba a ƙasa. Kano ta kama gine-gine kamar an ce gobe za a hana, motocin tifa suka yi layi a gangaren kogi suna ɗibar yashi. Samarin ƙauyuka suka jefar da fartanya suka ɗauki shebur. Mu a Gangare ba abin da ya sake. Kwatami yana nan a tsakiyar lungu, da damina ruwa ya shigo har ƙarƙashin gado, ba famfo, ba lantarki. Muna zaune muna hangen manyan motoci suna wucewa ta kan gada da siminti da babura da akwatunan rediyo, ba wadda take tsayawa. Wannan ka rubuta shi daidai a wasanka, har na ji warin lungun a hancina.

Yayanka ya shiga lodin yashi. Aiki ne da ba ya bukatar a yi maka bayani, ka ga mota, ka cika ta. Ya yi ƙarfi, ya yi baƙi, ya fara kwana a waje. A ƙarƙashin gada akwai rumfar wani tsohon soja da ya dawo daga yaƙi, ana ce masa Kofur Baƙo. Shayi yake sayarwa a fili, a ɓoye kuma ƙwayoyin nan masu hana barci da gajiya, ga karta a kan tabarma. Nan yayanka ya tare. In ya shigo gida idonsa ja, hannunsa yana rawa, ba ya zama wuri ɗaya. Wata rana ya zo da leɓe a fashe, wata rana an yage masa riga. Masu kawo ƙara suka saba da ƙofar zaurena. Na yi faɗa, na yi rantsuwa, na kai wa malamai a yi rubutu. Daga baya na gaji, na daina yi masa magana gaba ɗaya, ina ganin horo ne. Ashe bai ma san na daina ba.

Ranar wata Juma'a, kasuwa ta cika, wani dattijo Bafulatani mai suna Malam Buba ya koro shanunsa daga kara, kasuwar dabbobi, zuwa mashaya. Yayanka yana tsaye a kan hanyar da shebur a kafaɗa, ya ba su baya. Dattijon ya yi ta yi masa magana ya kauce, bai motsa ba. Shanu suka fara watsewa. Sai dattijon ya ɗaga sanda ya tsula masa a gadon baya, a gaban mutane. Yayanka ya kwana biyu bai runtsa ba saboda ƙwaya. Ya juyo da shebur ɗin ya kai sara. Dattijon ya kare da hannu, hannun ya karye, bakin shebur ya tsaga masa goshi.

Daga masallaci aka kira ni, ban ko naɗe dardumata ba. Na tarar an ɗauke Malam Buba, jininsa yana nan a kan yashi. A wasanka ka sa yaron ya gudu ana bin sa da duwatsu. Bai gudu ba. Yana zaune a ƙasa, ya rungume gwiwoyinsa, jama'a sun kewaye shi suna zagi, shi kuwa yana bin bakunansu da kallo ɗaya bayan ɗaya. Har 'yan sanda suka zo bai tashi ba. Alƙali ya dubi shekarunsa, ya tura shi gidan horon yara a Kano.

Na daɗe ban je ba. Na ce wanda ya zubar mini da mutunci a kasuwa ranar Juma'a ba ya bukatar ganina. Innarku ba ta yi mini gardama ba, sai dai ta daina cin abincin kirki. Wata safiya ta durƙusa nesa da ni ta ce, "Malam, in ba za ka je ba, ka yi mini izini ni in je. Na san ban san hanya ba, amma zan tambaya." Ta ƙulla ƙuli-ƙuli da garin dankali a tsumma ta ajiye a gabana. Na ɗauka na tafi.

Aka fito mini da shi tsakar gidan, an yi masa aski, ya rame. Muka zauna a benci ƙarƙashin wata darbejiya, ni ta hagunsa. Na sunkuyar da kai ina duban ƙasa, na fara. Duk abin da na tara a ciki na zazzage. Na yi masa nasiha, na kawo aya, na kawo tarihin kakansa masunci wanda bai taɓa ɗaga wa kowa hannu ba, har na faɗa masa abin da ban taɓa faɗa ba, cewa ranar da aka haife shi na kasa zama, na yi ta zaga gari ba dalili. Na gama. Shiru. Zuciya ta ɗebe ni, na juya na dube shi ido cikin ido, na daka masa tsawa, "Wai ba da kai nake ba?"

Ya zabura. Ya dubi bakina, ya ce, "Baba, magana kake yi?"

Habibu, na yi bayani a gaban dubban mutane ban taɓa rasa abin cewa ba, sai ranar. Na tashi na zaga ta damansa, na durƙusa a gabansa yadda zai ga fuskata, na ce, "Ba ka ji abin da na ce ba?"

Ya ce, "Wannan kunnen ba ya ji sam. Wannan kuma sai an matso, ko ina ganin baki."

Na ce, "Tun yaushe?"

Ya ce, "Tun ciwon nan."

Na ce, "Me ya hana ka faɗa?"

Ya shiga murza bakin tsumman ƙuli-ƙulin. Can ya ce, "Na faɗa wa malam, ya ce ƙarya nake don kada in yi karatu. Daga baya na ga gara a ce mini mai taurin kai. Mai taurin kai tsoronsa ake ji, Baba. Kurma kuwa yara ke jifa."

Kai ka san yayanka ba ya ji sosai, ka ɗauka a faɗace-faɗacen ƙarƙashin gada ya samo shi, haka ma ka sa a wasanka. Haka muka bar mutane suka ɗauka, don shi ya fi son haka. Gaskiyar ita ce kunnen ne ya kai shi gada, ba gada ce ta taɓa kunnen ba. Na roƙi masu gidan horon, suka haɗa mu da wani ma'aikacinsu muka je asibiti. Likita ya duba ya ce sanƙarau yakan yi haka, na hagu ya tafi ke nan, na dama a lallaɓa shi. A motar dawowa Wudil na yi ta tuna gishiri da kanwa, da rigar alhaji, da bencin baya. Don haka in ka ga mutum yana abin da hankali bai ɗauka ba, a wurin aikinka ne ko a cikin labarin da kake rubutawa, kada ka yi saurin sa masa suna. Suna yana rufe tambaya. Da zarar mun ce kunnen ƙashi, ba wanda ya sake tambayar komai.

A wata ziyarar na tambaye shi abin da ya gani a wajen Kofur Baƙo. Kai ka zana shi Shaiɗan sak, da dariyar mugunta da wuƙa a ƙugu. Ni ma haka na ɗauke shi. Yayanka ya ce, "Shi ma ƙarar bindiga ta taɓa masa kunne. In zai yi magana sai ya fuskance ka ya ɗaga murya. Duk garin nan shi kaɗai nake jin maganarsa daga farko har ƙarshe." Ban ce mutumin kirki ba ne. Ya sayar wa 'ya'yan mutane guba, Allah ne zai yi masa hisabi. Amma in ka nuna shi da ƙaho, iyayen da za su kalli fim ɗinka za su ce, to, namu ba ruwansu, ai ba mai ƙaho a unguwarmu. In ka nuna shi mutum mai dafa shayi, mai sauraron yaro lokacin da gida ba a saurare shi ba, kowane uba zai koma gida yana tunani.

Kada kuma ka zaci daga gano ciwo sai waraka. Da aka sallamo shi, unguwa ta ja baya. Uwaye suna janye 'ya'yansu in ya biyo lungu. Ni na koyi zama a gabansa in yi magana, amma shekarun da muka yi ba mu san juna ba ba sa cikewa da zama ɗaya. Ya yi ɗan lokaci a gida yana kallon bango, sai wata rana muka neme shi muka rasa. Ya koma gada.

Ni ina Utai wajen aiki. Innarku, wadda ba ta taɓa wuce ƙofar zaure da rana ba sai da dalili mai ƙarfi, ta yafa mayafi da tsakar rana ta bi lungu, ta ratsa masu lodin yashi, ta je ta tsaya a bakin rumfar. Sunansa ma ba za ta iya kira ba. Tsayawa kawai ta yi cikin rana, masu karta suka ajiye karta, direbobin tifa suka leƙo. Yayanka ya sunkuyar da kai ya ƙi tashi. Waɗanda suke wurin sun ce mini Kofur ne ya miƙe, ya tsaya a gabansa, ya ce da ƙarfi yadda har kan gada an ji, "Tashi ka bi uwarka. In na sake ganin ƙafarka a nan, ni zan karya ta." Ya tashi ya bi ta, tana gaba yana baya, har gida. Ya yi kwanaki yana rawar jiki yana amai, ita tana dama masa kunu. Bai sake komawa ba. Bara da Kofur ya mutu a rumfarsa, masu bin gawar ba su da yawa, yayanka yana cikin waɗanda suka ɗauki makara. Ban hana shi ba.

Akwai abin da ka bari a wasanka, ban kuwa yarda a bar shi ba. Dattijon da aka sara, daga ya faɗi ba a sake jin ɗuriyarsa ba, kamar an kawo shi ne kawai don a sare shi. Tausayin yaronka ya cika maka ido. Malam Buba mutum ne mai iyali, da hannun nan yake tatsa, da shi yake riƙe sanda. Bayan yayanka ya dawo hayyacinsa, shi da kansa ya ce in raka shi. Muka je rugarsu bayan Dagumawa da hantsi. Dattijon yana zaune a gindin tsamiya, hannun ya ɗore a karkace, yatsu biyu ba sa lanƙwasuwa. Aka shimfiɗa mana buzu, aka kawo nono. Na yi bayanin kunnen. Ya saurara, ya daɗe yana duban yayanka, sannan ya matso kusa da shi ya ɗaga murya ya ce, "Da na san ba ka ji, da ban buge ka ba. Wannan nawa ne, ka yafe mini. Naka kuma na yafe don Allah. Amma ka duba." Ya ɗaga hannun. "Ni na yafe, shi bai san na yafe ba. Kullum sanyi ya sauko sai ya tuna mini da kai." Yayanka ya yi kuka irin wanda ban ga ya yi ba ko a gaban alƙali. Tun daga lokacin, duk kaka yakan kai musu harawa da karan dawa a amalanke, ba wanda ya sa shi. To, ka ba kowa haƙƙinsa a labari. Dalili ba ya ɗora karaya.

Yanzu ka san inda yake. Kawunku ya ɗauke shi aikin lambu a fadama, da aka kawo injinan ban-ruwa sai ga shi hannunsa ya faɗa a kansu. Yakan ɗora tafinsa a jikin inji ya gane abin da ke damunsa, har daga wasu fadamun ake zuwa ɗaukarsa a babur. An kuma ba shi 'yar mutanen Utai, bayan an gama girbi za a ɗaura. Iyayenta sun san abin da ya faru, mun faɗa musu ba ɓoye, suka ce abin da ya wuce ya wuce. Amma sani a zaure daban, gani a fili daban. An kafa akwatin talabijin a bakin kasuwa, da magariba yara da manya suke cika wurin. Ka auna ranar da za a nuna Ɗanliti yana sarar dattijo, surukan yayanka suna cikin masu kallo, yaran gari kuma sun sami sabon sunan da za su bi shi da shi.

Ban ce kada ka yi ba. Irin waɗannan yaran suna nan cike da tashoshi da gindin gadoji, kullum ƙaruwa suke, masu sababbin motoci kuwa ba sa ganinsu. Ya kamata wani ya nuna su, in kuwa ɗana ne ya nuna, zan yi alfahari. Abin da nake cewa, labarin nan yana da mai shi, mai shi kuma yana da rai.

Wannan ya kawo ni ga ƙarshen wasan naka, inda abokan Ɗanliti suka soke shi da wuƙa suka jefa gawarsa a kogi. Na san abin da ya sa ka zaɓi haka. Mutuwa tana sa mai kallo ya yi hawaye, ya share, ya tashi da zuciya sakayau, an rufe magana. Tashi da asuba a je fadama kullum, a wuce ta gaban mutanen da suka san abin da ka yi, a gaishe su, wannan ya fi wuyar nunawa, ya kuma fi wuyar yi.

Na yi niyyar in ɓoye wa yayanka zancen wasan har in ji daga gare ka. Shekaranjiya na je fadama karɓo wa Innarku tumatir, na tarar da shi ya kwance wani inji, hannu duk baƙin mai. Muka gaisa. Ya goge hannu a tsumma, ya zo ya tsuguna a gabana, ya ce, "Baba, an ce Habibu ya rubuta ni."

Ashe ɗaya daga cikin abokanka ya ba da labari a wajen masu shayi, magana ta zaga har ta iso shi. Na ce haka ne, amma ka sake suna. Ya yi murmushi, ya ce, "An ce har da shebur." Na ce har da shi. Ya daɗe yana kallon ruwan da ke bin kwarin albasa. Na zaci fushi zai yi, na fara shirya abin da zan ce don in kare ka. Sai ya ce, "Yaron nan tun yana ƙarami ya iya tsara magana. In zai yi, ya yi, ko wani ya gani ya kai ɗansa a duba masa kunne. Amma ya zo ya tambaye ni, akwai abubuwan da ko kai ba ka sani ba." Ya ɗauki sifanar kwance inji zai koma kan aikinsa, sai ya juyo ya ce, "An ce kuma wai a ƙarshe na mutu."

Na ce, "Haka ya rubuta."

Ya ce, "Ka ce masa ya yi haƙuri ya bar ni da raina. Aure zan yi."

Saƙonsa ke nan, na isar. Ka nemi hutu ka zo ɗaurin auren, ka zo da takardunka, ku zauna ku biyu ba da ni ba. Abin da ya ce a cire, ka cire ko da shi ne ya fi daɗi. Abin da ya ce a bari, ka bari ko da ni ne na fito da muni a ciki.

Sauran kuwa ka san su. Ka riƙe salla a kan lokacinta ko ana tsakiyar ɗaukar hoto. Albashi ya yi auki a zamanin nan, kada ya ruɗe ka, kogi ma yakan cika ya janye. Waɗanda za su fito a wasanninka, maza da mata, 'ya'yan wasu ne, ka mutunta su. In ka yi kuskure a wurin aiki ka faɗa da bakinka tun kafin a gano.

Allah Ya yi maka albarka, Ya sa ka gama da duniya lafiya. Allah Ya tsare hannunka daga cutar da wanda bai ji ba bai gani ba, Ya tsare harshenka, Ya kare ka a hanya da masauki, Ya dawo mana da kai muna masu rai da lafiya. Innarku ta ce amin, ta ce kuma ka taho mata da turmin atamfa na fitar biki, mai ruwan ganye.

Wassalam. Ni ne mahaifinka,
Malam Isyaku.